Launin Tsufa ko Rinin Hannu? Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Sulallan Zinare

A wurinmu gwal mai kyau shi ne wanda yake ɗaukar ido. Shi ya sa idan biki ya matso mace kan kai sarƙarta wurin maƙeri ya wanke mata, kuma babu laifi a nan. Amma akwai wata kasuwa daban, ta masu tara tsofaffin sulallan zinare, inda irin wannan wankin kan zubar da darajar abu cikin minti ɗaya. A wannan kasuwar ne kuma ake samun masu shafa wa kwandala launi da gangan don ta yi kama da wadda ta shekara ɗari a ajiye. A nan zan riƙa kiran launin da shekaru suka kawo "launin tsufa", wanda mutum ya sa da hannunsa kuma "rinin hannu". Turawan da ke sana'ar suna kiran duka biyun "tonin".

Ba an ce zinare ba ya tsatsa ba? To daga ina launi yake zuwa?

Gaskiya ne. Tsantsar zinare iska ba ta taɓa shi, ruwa ba ya taɓa shi, farar wuta ma ba ta yi masa komai. Sai dai yana da laushi, da a ce da shi zalla aka buga kuɗin kashewa, da rubutun ya shafe tun bai zaga kasuwa sau nawa ba. Don haka ake gauraya shi da wani ƙarfe. Fam ɗin zinare na Ingila, wato Sovereign, wanda aka fara bugawa a siffarsa ta yanzu a 1817, karat 22 ne: kashi 11 cikin 12 zinare, ragowar kashi ɗayan galibi jan ƙarfe, nauyinsa giram 7.98. Sulallan zinaren Amurka daga 1837 zuwa 1933 kashi 90 cikin 100 ne zinare, sauran jan ƙarfe da ɗan abin da ba a rasa ba na azurfa. Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 1967, karat 22 ne da jan ƙarfe, shi ya sa yake da ja-ja tun yana sabo.

Wannan jan ƙarfen da azurfar su ne suke canzawa. Waɗanda suke saman fatar kwandalar suna haɗuwa da iska da danshi da tururin farar wuta da ke fita daga takarda ko fata ko roba, sai su yi wani shafi wanda ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Haske kan ratsa shi ya dawo, sai ido ya ga launi, kamar yadda ake ganin launuka a kan ruwan da fetur ya ɗiga a ciki. A kan wannan kuma akwai maiƙon hannu da ƙurar shekaru da suka maƙale a tsakanin haruffa.

Wane irin launi ne tsohuwar kwandalar zinare take yi idan an bar ta?

Ba ta wuce gona da iri. Yawanci ruwan goro ne mai zurfi, ko ja-ja irin na jan ƙarfe, ko ruwan hoda kaɗan a gefe, wani lokaci tsanwa-tsanwa. Wadda ta daɗe a jakar fata takan yi ja sosai. Azurfa ce take yin bakan gizo, shuɗi da ja da kore a fuska ɗaya, domin ita kusan dukkan jikinta yana haɗuwa da farar wuta. A zinare kashi ɗaya cikin goma ne kawai yake iya canzawa. Saboda haka idan ka ga kwandalar zinare ta yi shuɗi shar ko shunayya mai haske kamar an tsoma ta a baba, to ka tsaya ka yi tambaya kafin ka sa hannu a aljihu.

Na ga sulalla biyu iri ɗaya, ɗaya rawaya ɗaya ja. Ɗaya jabu ce ke nan?

Ba lallai ba ne. Wani bambancin tun daga gidan buga kuɗi yake. Amurka ta taɓa samun ƙananan gidajen bugawa biyu a Charlotte da Dahlonega, waɗanda suka yi aiki daga 1838 zuwa 1861, suna amfani da zinaren yankinsu wanda azurfa ta yi masa yawa. Sulallansu sukan fito da tsanwa-tsanwa, masu tarawa kuma suna neman wannan launin domin shi ne na asali. Haka fam ɗin da aka buga a Sidni ta Ostireliya daga 1855 zuwa wajen 1870, da azurfa aka gauraya shi, ya fi na Landan haske da rawaya. Mai rini da bai san wannan ba sai ya sa wa kwandalar Dahlonega jan da ba nata ba, wanda ya sani kuma da kallo ɗaya zai gane.

Abin da ake tambaya shi ne: wannan launin ya dace da wannan kwandalar, ta wannan shekarar, daga wannan gidan?

Me ya sa mutum zai ƙara kuɗi a kan kwandalar da ta dushe? Ba mai ƙyalli ta fi ba?

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne al'adarmu ta sayen gwal ta sha bamban da ta masu tarawa.

Lokacin da ake buga kwandala, hatimi biyu ne suke matse ƙarfen da ƙarfin gaske, sai ƙarfen ya gudana daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu ƙananan layuka da ido ba ya gani. Su ne suke ba da wannan sheƙin da yake zagayawa kamar fiffiken fanka idan ka juya kwandalar a ƙarƙashin fitila. Sau ɗaya ake samun wannan fatar. Idan aka goge ta ko aka cinye ta da sinadari, babu maƙerin da zai mayar da ita a duniya. Launin tsufa kuwa a kan wannan fatar yake zama. Wanda ya gan shi ya san cewa shekara ɗari ko fiye babu wanda ya sa tsumma ko buroshi a jikinta. Ashe ba launin kansa ake saye ba, shaidar da yake bayarwa ake saye.

Kuma irin waɗannan ba su da yawa. A 1933 Shugaba Roosevelt na Amurka ya ba da umarnin mutane su miƙa zinarensu ga gwamnati, aka narkar da miliyoyin sulalla aka mayar da su sanduna. Da yawa daga waɗanda suka tsira a bankunan Turai suke, irin su Suwizalan da Faransa, cikin buhuna. Da suka fara komawa Amurka sun zo da wani duhu-duhu a wuraren da suka fi tudu, dillalai da yawa kuma suka wanke su domin a lokacin mai ƙyalli ake so. Yau ga shi an dawo ana neman waɗanda ba a taɓa ba. Ni a ganina wannan dawowar daidai ce. Tsohuwar kwandala kamar tsohon littafin da aka rubuta da hannu take: tsufan takardar ɓangare ne na abin da ya sa ya zama abin da yake.

To su masu rinin hannu me suke yi, kuma don me?

Dalili biyu ne, na biyun ya fi muni. Na farko, a ƙara wa kwandala kyau don ta yi tsada. Na biyu, a ɓoye aibi. Kwandalar da aka taɓa gogewa tana da siraran zane-zane a fili, tana kuma da wani fari marar rai. Sai a yi mata launi ya rufe.

Hanyoyin sanannu ne a sana'ar. Akwai masu gasa ta da wuta har jan ƙarfen ya taso ya yi ja. Akwai masu amfani da aidin, wanda yake ba da ruwan goro mai ƙarfi. Akwai masu turara ta da hayaƙin taba, da masu shafa maiƙon fuska ko kakin zuma don su dushe zane. Wadda ta fi yawa a zinare ita ce shafa wani abu irin fotin da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi. Ana shafa shi siriri ƙwarai a kumatun hoton ko a filin da ya sami ƙwarzane, a ranar ba a ganinsa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne: bayan watanni ko shekaru sai ya bushe ya zama wani hazo fari-fari ko shuɗi-shuɗi, lokacin kuwa kwandalar tana hannun wanda ya saya. Abin ya kai ga a 2010 kamfanin da ya mallaki PCGS, wato wani kamfanin tantance sulalla, ya shigar da ƙara a kotun tarayya a Kalifoniya kan wasu dillalai, bisa zargin suna kawo masa sulallan da aka yi wa irin wannan kwaskwarima, har da amfani da hasken leza wajen shafe zane.

Turawa suna kiran masu wannan aiki "likitocin kwandala". Mu sunan da muka sani shi ne algus. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai sayar da hatsi da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama, shi ne wannan ba ragi ba ƙari.

Yaya zan bambanta su da idona?

Ka fara da haske. Fitila ɗaya mai ƙarfi a ɗaki mai ɗan duhu ta fi hasken rana da ya cika ko'ina. Ka riƙe kwandalar ta bakinta, kada yatsa ya taɓa fuskarta, ka riƙa juya ta a hankali. Gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10 ya isa.

Abu na farko da za ka duba ba launin ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Sheƙin yana zagayawa ta cikin launin, ko kuwa launin ya kwanta a kan mataccen ƙarfe? Launin tsufa kamar daga cikin ƙarfen yake fitowa. Rinin hannu yana zaune a sama kamar fenti, wani lokaci ma za ka ga inda ruwan ya taru ya bushe, ko inda ya tsaya cak ya bar iyaka. Idan ka karkata kwandalar ka ga siraran zane-zane da suka bi hanya ɗaya a ƙarƙashin launin, an goge ta kafin a rina.

Sai inda launin ya zauna. Shekaru ba sa aiki bai ɗaya. A kwandalar da ta yi yawo a hannun mutane, launi yakan fi zurfi a wuraren da suke a kare: tsakanin haruffa, kewayen taurari, cikin gashin hoton, kusa da baki. Wuraren da suka yi tudu sukan fi haske domin su yatsu suke taɓawa. Ruwan sinadari ba ruwansa da tudu ko kwari, yana bi ta kan harafi da fili da launi iri ɗaya. Ka kuma duba ƙwarzane: sabon ƙwarzane a kan tsohuwar fata yakan yi haske a cikinsa. Idan ƙwarzanen da yake kama da sabo ya ɗauki launi ɗaya da kewayensa, launin ya zo ne bayansa.

Sannan labarin ya yi daidai? Kwandalar da ta kwanta a kan ƙyallen akwati fuska ɗaya ce za ta fi launi. Wadda ta zauna a kundin kwali daga baki launin yake farowa ya nufi tsakiya. Idan mai sayarwa yana da guda goma, shekarunsu daban, ƙasashensu daban, amma duk launinsu ɗaya sak, to wuri ɗaya suka samo shi, kuma ba da daɗewa ba.

Wasu har sunsunawa suke yi, domin hayaƙi da aidin sukan bar wari.

Duk wannan alamu ne, babu guda ɗaya da ta isa hukunci ita kaɗai. Abin da yake gyara ido shi ne yawan kallon na gaskiya. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers suna da hotunan dubban sulallan da suka sayar a intanet, kallonsu kyauta ne. Wanda ya kalli ɗari biyu na iri ɗaya zai fara jin wani abu a ransa idan ya ga ta ɗari biyu da ɗaya ba daidai take ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Akwai jan ɗigo a jikin tawa. Ba alamar jabu ba ce?

A'a, sau da yawa ma akasin haka ne. A tsofaffin sulalla ana kiransa ɗigon jan ƙarfe, yana fitowa ne inda gaurayen bai haɗu sosai ba. Abin mamaki, har a sababbin da suke kusan tsantsa, irin Maple Leaf na Kanada ko Buffalo na Amurka da ya fito a 2006, ana samunsa. Binciken da aka yi a kan sulallan gidan tarihi na Biyana, babban birnin Ostiriya, ya nuna cewa ɗigon sau da yawa ƙwayar azurfa ce da ta manne a saman zinaren tun a wurin bugawa, daga baya ta haɗu da farar wuta. Ɗigo ɗaya ko biyu ba sa hana kwandala samun maki a wurin kamfanonin tantancewa. Ƙoƙarin ƙone shi da wuta ko kankare shi da allura ne yake lalata ta.

Na ji ana maganar "launin Boscoreale". Mene ne shi?

Wannan shi ne launin tsufan da ya fi kowanne suna a zinare. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii da ƙauyukan kewaye a ƙasar Italiya. A 1895, a wani gidan gona a Boscoreale, aka tono kayan azurfa fiye da ɗari, waɗanda yawancinsu yanzu suna gidan tarihi na Louvre a Faris, tare da sulallan zinaren Rumawa sama da 1,000. Zinaren Rumawa na wancan zamani kusan tsantsa ne, bai kamata ya yi wani launi ba. Amma zafi da farar wutar dutsen, da shekaru 1,800 a ƙarƙashin toka, sun ba da yawa daga cikinsu wani ja mai zurfi da ke karkata zuwa shunayya.

Sulallan sun watsu a kasuwa tun a lokacin, kuma har yau idan ɗaya ta fito gwanjo launin yana ƙara mata kuɗi. Sai dai ja kaɗai ba hujja ba ne. Kwandalar da aka buga bayan 79 ba za ta taɓa zama ta Boscoreale ba komai janta, kuma masu hankali suna neman tarihin hannayen da ta bi, wato tsofaffin kundayen gwanjon da aka taɓa buga hotonta.

Tsofaffin dinarai na Musulunci fa?

Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kafa a shekara ta 77 Hijira, mai rubutu zalla ba hoto, nauyinsa kusan giram 4.25, zinarensa yana da tsafta ƙwarai. Irinsu ba sa canza launi sosai. Abin da aka fi gani shi ne jar ƙasa da ta maƙale a tsakanin haruffan Kufi, ita ma barinta ake yi. Kasuwarsu ba ƙarama ba ce: wani dinarin Umayyawa na shekara ta 105 Hijira, mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2019.

Me kamfanonin tantancewa suke cewa?

Manya biyu su ne PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, a 1987, duka a Amurka. Suna duba kwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki daga 1 zuwa 70 a ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, su rufe ta a kwanson roba mai lamba. Idan suka ga an taɓa fatarta ba sa ba da makin lamba. Sai su rubuta "Genuine" ko "Details", ma'ana ta gaskiya ce amma da aibi, su faɗi aibin. A tsarin PCGS lamba 91 tana nufin launin da ake shakka, 92 an wanke, 94 an sauya fata. Irin wannan kwandalar farashinta yakan faɗi sosai, idan kuma ba mai wuyar samu ba ce sai ta koma kusan kuɗin nauyin zinarenta. Tun 2007 akwai kuma CAC, wanda yake sake duba waɗanda aka riga aka rufe ya manna koren tambari a kan wadda ta gamsar da shi. An san shi da tsanani a kan zinaren da aka taɓa.

Ka lura da kalmar da PCGS ya zaɓa: shakka. Su ma da ido suke hukunci, mutane ne, kwandala ɗaya takan sami amsa biyu idan an aika ta sau biyu. Duk da haka, ga wanda zai sa kuɗi mai yawa daga nesa, kwanson ya fi maganar mai sayarwa. A duba lambar a shafin kamfanin, domin kwanson ma ana yin jabunsa.

Idan na sa kwandala a ambulan da gangan na bar ta shekara goma, launin na tsufa ne ko na hannu?

Masu sana'ar sun daɗe suna gardama a kan wannan. Ta fuskar sinadari babu bambanci: farar wutar takarda ita ce farar wutar kwalba, illa dai ɗaya a hankali take aiki, ɗaya a gaggauce. Kamfanoni ba sa iya ganin niyya, abin da suke tambaya shi ne ko kasuwa za ta karɓi wannan launin.

Ra'ayina shi ne, a bar gardamar kwanaki nawa ko shekara nawa, a yi tambaya ɗaya: za ka iya gaya wa mai saye abin da ka yi, ya kuma biya kuɗin nan? Idan za ka iya, babu matsala. Idan sai ka ɓoye cinikin zai faɗa, ka riga ka san amsar.

Amma ai zinaren da ake cirowa daga teku wanke shi ake yi, kuma yana samun maki.

Haka ne, kuma misali ne mai kyau na bambancin cire datti da cire fata. Jirgin ruwan SS Central America ya nutse a watan Satumba na 1857 a gabar Karolina ta Amurka, ɗauke da zinaren Kalifoniya, mutane fiye da 400 suka rasu. An gano shi a 1988 a zurfin da ya haura mita 2,000. A cikinsa akwai dubban sulallan dala 20 sababbi fil da aka buga a San Faransisko a shekarar. Tsatsar ƙarfen jirgin ta lulluɓe su. Ƙwararru suka narkar da tsatsar da ruwan da ba ya taɓa zinaren, ba tare da guga ba, sai ga fatar asali da sheƙinta kamar jiya aka buga. Haka aka yi da sulalla 1,427 da wasu ma'aurata suka tsinta cikin gwangwanaye a filinsu a arewacin Kalifoniya a 2013.

Abin da aka cire baƙo ne da ya hau kai. Wanki na gida kuwa, da toka ko man goge baki ko buroshi, jikin kwandalar yake ci.

Sisin gwal da aka ba ni na sadaki, da waɗanda na sayo a Makka, su ma haka ne?

Hajiya, galibi a'a. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwannin gwal na Makka da Madina da Jidda da Dubai da sunan fam ɗin zinare, masu giram 8, maƙera ne suke buga su da kamannin na Ingila, wasu har da lambar 21 ko 22 a jiki. Gwal ne na gaskiya, amma darajarsu nauyinsu ce. Wankinsu ba ya rage komai. Haka kwandalar da aka riga aka huda ko aka liƙa mata mariƙi aka sa a sarƙa, ta riga ta fita daga sahun na tarawa.

Inda za ki yi hattara shi ne tsohuwar da kika gada, wadda ta fito daga adakar kaka, mai hoton Sarauniya Biktoriya ko wani tsohon sarki, ko mai rubutun Larabci na Daular Usmaniyya. Kafin a kai ta wanki ko a narkar, a duba shekararta da ɗan harafin gidan da aka buga ta. A fam ɗin Ingila, S na Sidni ne, M na Melbon, P na Perth, C na Ottawa, SA na Pretoria, I na Bombay. Mafi yawansu kuɗin nauyinsu ne da ɗan ƙari, amma akwai shekarun da suke ninka haka sau da yawa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Launi yana shafar zakka?

Ba ya ƙara nauyi, ba ya ragewa. Nisabin zinare dinari 20 ne, kimanin giram 85. Wanda yake saye da sayar da sulalla a matsayin haja, hukuncin kayan kasuwanci ya shigo, sai ya tuntuɓi malami.

Mai sayen gwal ya ce sai ya goga ta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji. In bari?

Idan kana zaton ta tarawa ce, kada ka bari. Gugar nan ɗaya a baki ta isa ta sa a rubuta mata aibi. Sikeli mai auna ɗigon giram da ma'aunin faɗi sun isa gwajin farko: fam ɗin Ingila giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, dala 20 ta Amurka giram 33.4. Akwai kuma na'urar XRF da wasu manyan shaguna suke da ita, tana faɗin gaurayen ƙarfen ba tare da ta taɓa shi ba.

Yaya zan ajiye su?

A kwanson roba mai tauri da aka yi don sulalla, kowace ita kaɗai, a wuri busasshe. A guji leda mai laushi irin ta PVC, domin tana zubar da wani maiƙo kore mai cin jan ƙarfe. A guji kyauron ɗaure kuɗi da jarida da jakar fata. Kada a sa su a durowar da ake turara kaya: hayaƙin turaren wuta da humra sukan bar maiƙo, mai tantancewa kuma ba zai san ba da gangan aka yi ba. Da damina a sa ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani.

Abu biyu ne suke yi wa zinare illa ta gaske. Ruwan bilic na wanki yana cin gaurayen. Zaiba kuwa tana shiga jikin zinaren kansa ta bar farin tabo, kuma tana cikin wasu mayukan sauya launin fata, don haka wanda yake shafa su kada ya taɓa kwandala da hannu.

Na riga na wanke tawa. Akwai gyara?

Ya danganta da abin da aka yi. Idan ruwa da sabulu ne kawai ba a cuɗa ba, wataƙila babu abin da ya same ta. Idan maiƙo ko gam ko koren leda ne a jikinta, tsoma ta a tsantsar asiton yana narkar da su ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Ban da na goge farce, wanda ake gauraya shi da turare da mai. A yi a wuri mai iska, nesa da wuta, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge. Mai tsada kuwa a bar wa ƙwararru, NGC da PCGS duka suna da sashen wannan aikin.

Idan an riga an goge ta har zane ya fito, wannan ba ya komawa. Kada ka biye wa wanda zai ce ya san yadda zai mayar mata da launi, domin aibi ɗaya ne zai zama biyu. Ka sa ta a kwansonta ka ƙyale ta. Da shekaru jan ƙarfen da ke samanta zai ɗan sake yin duhu, farin ya ragu, ko da yake zanen yana nan ga mai gilashi. Zinarenta bai ragu ba, nauyinta na nan. Ranar da za ka sayar, ka gaya wa mai saye cewa an taɓa wanke ta, ku yi ciniki a kan haka.